Ranar da Akuya Ta Raba Gardamar Jami'a

Yauwa, takardata ta fito! Yaya Ladiyo, ga ta nan ga ta nanki. Amsa mana, ta zo mu ji ta!

Jami'a biyu ne suka aiko wa Bushiya takardar shiga. Gwaggo Jimina ta miƙe wuya: "Tafi Jami'ar Tsauni, 'yata, can manya suke!"

Kawu Kada ya ce, "Jami'ar Tafki ce ta yaye ni!"

Gwaggo Jimina ta ce, "Shi ya sa kullum kake kwance baki buɗe."

Suka kira Akuya ta raba gardama. Ta tauna wannan takarda, ta tauna waccan, ta ce, "Wallahi ɗanɗanonsu ɗaya."

Tun ranar, Bushiya na hango dangi sai ta dunƙule.

Ƙurunƙus, kan ɓera! Tawa takardar tana ƙarƙashin katifa. Don Allah kar ki gaya wa su Kawu tukuna!