Ranar da Furofesa Ya Ce Bai Sani Ba

Akwai wani dattijo mai kiwon kifi a tankin siminti a bayan gidansa. Yana da ɗa, ana ce masa Furofesa, don ko gaisuwa ce sai ya cusa mata Turanci. Har ma'aikaciyar jinya ta maƙwabta ya taɓa yi wa gyara a gaban mutane.

Wata safiya aka tashi babu wuta, famfon da ke juya ruwan tankin ya tsaya. Kifi duk sun taso sama suna buɗe baki. Dattijo ya kira likitan dabbobi, shi kuma yana kan hanya, layi na yankewa. Sai ya turo saƙo: a yi oxygenate ɗin ruwan yanzu yanzu.

Maƙwabta sun taru, kowa ido a kan Furofesa.

Jama'a, wallahi bai san kalmar ba. Amma ya gyara murya ya ce, "Sunan magani ne, Baba. A cikin gari ake samu."

Dattijo ya ɗauki makullin babur. Kafin ya je ya dawo kuwa, sai dai a kwashe gawa.

Furofesa ya leƙa tanki, ya ga wani ƙaton kifi ya juya ciki sama. Ya riƙe babur ɗin.

"Baba, tsaya. Ƙarya na yi. Ban sani ba."

Mai shayin bakin layi ya ce, "Yau kuma ƙamus ya jiƙe?"

Aka yi dariya. Bai kula ba, ya ruga ya buga ƙofar ma'aikaciyar jinyar nan.

"Anti, kifinmu na mutuwa, don Allah mene ne oxygenate?"

Ta kalle shi sama da ƙasa. "Kai ne da tambaya? To, iskar numfashi za a sa wa abu. Kifinku shaƙewa suke yi. Ku ɗebi ruwan ku sheƙo shi daga sama, yadda mai shayi yake yi da kofi biyu."

Nan fa layi ya fito da bokitai. Mai shayi ya hau bakin tanki yana ba da umarni: "Ɗaga hannu sosai, Furofesa, sai ya yi kumfa."

Suna ɗiba suna sheƙawa har kafaɗa ta mutu. A hankali kifi suka koma ƙasa suna iyo. Kaɗan ne suka mutu.

Dattijo ya dafa ɗansa, riga jiƙe sharkaf, ya dubi mutane ya ce, "Kun ga ɗana? Yau na san kuɗin makaranta bai tafi a banza ba."

Darasi: Faɗin "ban sani ba" ba ya rage wa mutum tsawo, kuma matambayi ba ya ɓata. Ku tura wa Furofesan gidanku, kowane gida akwai shi.