Abin da Ya Warware Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu sha, Kaka!

Wata 'yar Kurciya ce, duk sa'ad da Gauraka ya gifta sai gabanta ya faɗi, ta kasa cin ko ƙwayar gero. Tsoro ya kama ta, ta tafi neman magani.

Kura ta ce, "Yunwa ce. Cika cikinki, zai wuce."

Dila ya ce, "Sammu aka yi maki. Kawo ƙwan gidanku in karya shi."

Tana tafe tana kuka, sai ga tsohuwa Bushiya tana shan hantsi.

Bushiya ta ce, "Ke 'yar nan, ni ma na yi wannan ciwon. Ina budurwa, kowa ya taɓa ni sai in dunƙule. Ranar da marigayi maigidana ya zo, gajere, jiki duk ƙaya, sai na ga na warware da kaina. Ba wanda ya koya mini, ni ma ban zaɓa ba."

"To daga ina abin yake zuwa, Iya?"

"Mun tsufa tare ban taɓa tambaya ba. Da ƙayata aka halicce ni, ina jin da wannan ciwon ma."

"Iya, warware in gani mana."

"Wanda nake warware wa ya riga mu gidan gaskiya."

Ta dunƙule abinta. Har yau in kun taɓa ta, haka za ta yi.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, kowa ya ja tabarmarsa.