Tankar da Kawu Abdurradi Ya Ƙi Buɗewa

Akwai wani dattijo a kudancin Masar, wajen Kina, ana ce masa Kawu Abdurradi. Shekara ashirin da bakwai ya yi a wata masana'anta da ke mayar da baƙar zumar rake man mota. Duk tankar da ta shigo, sai ya ɗiba a ƙaramin kofi ya ɗanɗana kafin ya buɗe famfo.

Ana nan aka turo wani Dakta Wa'il daga Alƙahira. Ilimi kam yana da shi. Shekara biyar ya yi yana gyara wasu ƙwayoyin halitta masu cin sukari su fitar da mai fiye da yis ɗin da aka saba. Amma girman kai, wa'iyazu billahi! Ko sallamar lebura ba ya amsawa.

Ranar babban gwaji tanka ta iso. Kawu ya ɗanɗana, ya tofar.

"Dakta, wannan ta yi tsami. Ta daɗe a rana. Kada a ba ƙwayoyinka."

Dakta ya ɗaga takarda. "Awo ya ce sukarinta ya cika."

"Awon zaƙi aka yi, ɗana. Wa ya auna tsami?"

"Ni ne ɗanka? Ku dai mutanen kudu, daga gonar rake sai ku zo ku koya wa masani aiki! Buɗe famfo, tsoho."

"Wallahi ba da hannuna ba."

A gaban ma'aikata Dakta ya fizge kofin ya jefar, ya sa mai gadi ya raka dattijon bakin ƙofa. Shi da kansa ya murɗa famfon.

Kwana biyu, ƙwayoyin suka mutu ƙurmus. Ko ɗigon mai babu, sai warin tsami da ya cika wurin.

To, ku ji rashin kunya! Maimakon ya ce ya yi kuskure, Dakta ya je wa manaja ya ce ƙazamin bakin tsoho ne ya gurɓata zumar, kuma da gangan ya yi don hassada. Haba jama'a! Mutumin da ya hana, shi ne kuma mai laifi?

Magana ta zagaya ƙauye. Kawu, da ake kira don sasanta rigima, ya daina zama a shagon shayi. Korar ba ta dame shi ba. Sunansa da aka ɓata ne ya hana shi cin abinci.

Sai direban tankar, Girgis, ya ji labari, ransa ya ɓaci. Ya shiga ofishin manaja ya ce, "Ranka ya daɗe, motata kwana tara ta yi a lalace cikin rana. Na faɗa wa Dakta, ya ce ba a tambaye ni ba."

Aka auna ragowar da ke wani ɓangaren tankar, wanda ko Kawu bai taɓa ba. Tsami ne zalla.

Manaja ya ce wa Dakta, "Ko ka dawo mini da Kawu, ko ka hau jirgin Alƙahira."

Dakta ya je gidan yana sunkuyar da kai. Kawu ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo gurasa da cuku, baƙo ya ci.

"Kawu, ka yafe mini."

"Na yafe tun ranar. Amma a ɗaki ka zage ni?"

Washegari da safe, ma'aikata sama da ɗari suna tsaye a bakin ƙofa, Dakta ya hau kan benci.

"Ƙarya na yi wa mutumin nan. Ni na buɗe famfon."

Sai a lokacin Kawu Abdurradi ya taka ya shiga, kansa a sama.

Darasi: Takardar shaida ba ta ba ka lasisin wulaƙanta wanda ya tsufa a kan aiki, kuma in ka ɓata sunan mutum a bainar jama'a, a bainar jama'a za ka wanke shi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu sabon muƙami.