Kwaɗon Shagon Ilu Tela

Wani hakimi ya shiga ajin Turanci da girmansa, ya koyi cewa "un" a farkon kalma tana juya ma'anarta. Ana nan Ilu tela ya makara da ɗinkin rigar hakimin, sai hakimin ya sa aka garƙame masa shago gab da sallah.

Ilu ya je ya faɗi a gaban hakimi. Hakimi ya ce, "Roƙe ni da kalmar Turanci ɗaya. Zan liƙa mata 'un', abin da ta koma shi za a yi."

Ilu ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, 'lock' kaɗai na sani, wato kulle."

"Unlock," in ji hakimi da taƙama.

"Da Hausa fa?"

"Buɗe."

Ilu ya dubi dogarin hakimi. "Ka dai ji. Babba ba ya magana biyu."

Hakimi ya yi dariya, ya miƙa makulli.