Fuskar Tanimu Mai Hoto

Ku matso ku ji wannan, in kun ji sai ku yanke hukunci.

A Funtuwa an yi wani mai hoto, Malam Tanimu, wanda ya ɗauki rabin mutanen garin da kyamararsa ta fim, amma shi bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Da hoton waya ya shigo, kasuwa ta mutu masa, bai daɗe ba shi ma ya rasu. Bayan shekara matarsa Tasalla ta kwanta ciwo, idonta yana ta dushewa. Ta tara 'ya'yanta uku ta ce, “Fuskar ubanku tana ɓace mini. Ku nemo mini ita kafin duhu ya rufe ni.”

Lawandi, babbansu, ya tuna akwai ragowar fim a cikin kyamarar. Damina ce, shagon uban, inda kyamarar take, ya fara zubewa, kowa ya hana shi shiga. Ya shiga ya ɗauko ta, katanga ta faɗo masa a ƙafa. Har yau ɗingishi yake yi.

Hurera, ta tsakiyarsu, ita ce kaɗai ta koyi wankin fim a wajen uban, sai dai ruwan wankin an daina sayar da shi a garin. Da tsohon ciki ta tafi Zariya, ta yi ta tambaya har ta sami wani dattijo mai hoto da ya rage da kwalba ɗaya, ya ba ta. Ita ta wanke da kanta. Hotunan wani biki ne suka fito, ta duba duka ba ta ga Tanimu ba, ta dawo tana kuka.

Mudi, autansu, shi ne wanda uban ya mutu yana fushi da shi don ya koma hoton zamani. Ya sa fim ɗin a kwamfuta, ya lura da madubi a bayan amarya, da wani mutum a ciki kamar ƙwayar wake. Ya yi ta faɗaɗa shi yana gyarawa har fuskar ubansu ta fito.

Tasalla ta kai hoton dab da idonta ta ce, “Shi ne. Wanda ya dawo mini da shi, shi zai riƙe fim ɗin.” Ba ta ambaci suna ba har Allah ya karɓi ranta.

Hoton dai kowa ya samu a wayarsa, amma fim ɗin guda ne, sun kuma daina gaisawa a kansa. To jama'a, a cikin ukun nan, wa za a danƙa wa?