Gajimare Mai Gashin Baki

Akwai wani mutum mai son kallon taurari, har ya sayar da akuyarsa ya sayi kyamara. Ya ji labari cewa a jikin taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta akwai wani siririn gajimare na ƙura. Ba shi da hasken kansa, sai wanda taurarin suka ba shi. Ido ba ya ganinsa, sai an kafa kyamara cikin duhu, an bar ta ta daɗe tana tara haske kaɗan-kaɗan.

Mutumin nan kuwa akwai cika baki. Ya bugi ƙirji a gaban jama'a, ya ce kafin Kaza ta ɓuya damina ta shigo, zai nuna musu hoton. Ya gwada, ya sake gwadawa, hoto fari fat.

Ya ce, "Fitilun maƙwabta ne!"

Sai ya bi gida-gida yana faɗa, har unguwa duka ta kashe fitila dominsa. Mai shayin unguwar ma ya yi ta zuba ruwan zafi da lalube, yana ƙunƙuni.

Shi kuwa gogan, da ya kafa kyamarar, haƙuri ya gagare shi. Jim kaɗan sai ya kunna tocila, ya leƙa idon kyamarar, wai ya ga ko tana aiki. Matarsa ta ce, "Maigida, ka bar ta mana." Ya ce, "Ke, me kika sani?"

Da gari ya waye maƙwabta suka taru, ya buɗe hoton da alfahari bai ko duba ba. Mai shayi ya ƙura ido, ya ce, "Ikon Allah! Malam, ashe gajimaren har da hanci da gashin baki?" Aka fashe da dariya. Kunya ta rufe shi, ga shi kuma da yamma hadari ya rufe sama.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙaunatattu, gajimaren nan mu ne. Ƙura ce mu, ba mu da haske sai wanda Almasihu ya haskaka mu da shi. Mutumin nan ma mu ne. Mukan hana maƙwabta sakat a kan 'yar fitilarsu, tocilar girmankai kuwa tana hannunmu a kunne. Ka kashe taka, ka jira Ubangiji da haƙuri. In ba haka ba, ranar da mutane suka zo ganin ɗaukakar Allah a rayuwarka, hancinka kawai za su gani.