Zaman Makoki a Ƙarƙashin Tekun Ƙanƙara

A wani zamani mai nisa, a garin Kwarin Gamji, an yi wani Sarkin Ruwa ana ce masa Jatau, ɗan Barau mai kama kada da hannu, jikan Nomau mai nutso da rawani, mutum mai faɗin ƙirji, mai faɗin baki, wanda duk ruwan da ya sani a duniya shi ne kogin garinsu, wanda da rani akuya ke tsallake shi. Labarin cika bakinsa ya kai Birnin Ƙanƙara, can ƙarshen arewa, inda teku ya haukace, iska na kuka, ƙanƙara na zuba kamar tsakuwa, raƙuman ruwa baƙaƙe ƙirin suna tashi kamar tsaunuka, masunta sun kasa fita, har yunwa ta shiga gari. Sarkin birnin, Kaskasu, ya aika aka ɗauko Jatau ya kwantar da ruwan. Jatau ya shiga jirgi yana cewa a ba shi wuri. Igiyar ruwa ta farko ta ɗaga jirgin ta miƙa wa ta biyu, ta biyu ta miƙa wa ta uku, bai ƙara saukowa ba. Daga gaɓa ana hango shi sama, katakon jirgin na ɓallewa ɗaya bayan ɗaya.

Jatau yana da ɗa, Tanimu, dogo siriri, mai sanyin magana. Da ya ji labari sai ya ɗauki gorar da ubansa ke fito da ita, da ƙullin dakuwa, ya yi ta tafiya har ya iso gaban Kaskasu, haƙoransa na kaɗawa.

Sarki ya dube shi ya ce, "Samari, da wannan gorar za ka shiga?"

"Ranka ya daɗe, da ita muke ƙetare namu."

"Naku yana da zurfi?"

"Da damina har gwiwa."

Sarki ya sa aka yi masa addu'a tun yana tsaye.

Tanimu ya hau gorar ya shiga teku. Ko zama bai gyara ba ruwa ya fasa ta, Tanimu ya yi ƙasa, ya yi ta nutsewa cikin sanyi mai ratsa ƙashi har ya faɗo tsakiyar wata fada ta farar ƙanƙara. Ga makaɗa na kiɗa, ga kifaye na rawa, ga wani ƙaton aljani kwance yana birgima yana kuka, in ya juya dama ruwa ya tashi, in ya juya hagu ruwa ya rufto.

Wani tsohon aljani mai gemun ciyawar ruwa, wazirin fadar, ya matso ya ce, "Bil Adama, wannan shi ne Zamhariru, sarkin aljanun ruwan sanyi. Matarsa Marjanatu ta rasu. Mun yi kiɗa, mun yi rawa, mun ce ya daina, ya ƙi. Ko kana da wasan da ka iya?"

Tanimu ya ce, "Ashe rasuwa aka yi. Wa ya zo gaisuwa?"

Waziri ya ce, "Mene ne gaisuwa?"

Tanimu yana jin ƙarar katakon jirgin ubansa a sama, amma a garinsu ba a wuce gidan makoki. Ya ce makaɗa su yi shiru, ya tuɓe takalmi, ya zauna kusa da kan sarki. Ya daɗe a haka. Can ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ya haƙuri?"

Zamhariru ya tsaya da birgima. "Me ake cewa?"

"Ana cewa, haƙuri sai ma'abucinsa, ko da godiya. In ba ka iya ba, ka yi shiru, ba laifi. Yaya take, marigayiyar?"

Sarki ya share hanci ya ce, "Mafaɗaciya ce. Minsharinta ya taɓa nutsar da tsibiri. A cikin ruwan nan take ƙona miya, har yau ban san yadda take yi ba. Ƙafafunta sun fi tekun nan sanyi, kuma a bayana take ɗumama su." Sai ya yi dariya, dariyar ta koma kuka, amma kuka na zaune, ba na birgima ba. Ya ce, "Yanzu bayana ɗumi gare shi, ba na so."

Tanimu ya kwance dakuwa, ta jiƙe da ruwan gishiri, ya ce, "Ci, ko kaɗan ne." Sarki ya ci, ya ce ba daɗi, ya ƙara. Waziri da fadawa suka zo suka zauna su ma, kowa na faɗin ranar da Marjanatu ta zage shi, har barci ya kwashe sarki.

Ruwa ya kwanta. Jatau ya sauko kan katako ɗaya tilo, ya iso gaɓa yana cewa, "Kun gani? Lallashinsa nake yi."

Da Zamhariru ya farka, ya ɗora Tanimu a kan wani kifi mai girman tudu da zai kai shi gaɓa, ya ce, "Ɗana, in abin ya taso mini fa?"

"Ka motsa ruwa kaɗan, zan gani in zo."

Kaskasu ya naɗa Tanimu Sarkin Ruwa, ya ba shi gida a bakin gaɓa, Jatau kuwa aka mai da shi bakin kogin garinsu. Har yanzu tekun yakan tashi wani lokaci, don rashi ba ya ƙarewa rana ɗaya. In ya tashi, masunta sukan ɗaure jiragensu, Tanimu ya sauka ya zauna da Zamhariru.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, waɗanda aka bari kuma ya ba su mai zama kusa da su.